Rabin Kilo A Mako Ya Isa



Ikkilisiyoyinmu a Bodinga da Shagari ƙanana ne, kowa ya san kowa. Sau da yawa dattijo ɗaya shi ne ma'aji, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne kuma mai riƙe da mabuɗin majami'a. Idan hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da shi, ikkilisiya duka ce take ɗingishi. Mun sha raka 'yan'uwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma shawarar da suke komowa da ita kusan ɗaya ce: a rage ƙiba. Shawara ce mai kyau. Abin da ke damunmu shi ne gaggawar da ake ɗaukarta da ita.

Wata 'yar'uwa cikin zumuntar mata ta sayi wani shayi a kasuwa, mai sayarwa ya yi mata alkawarin kilo 5 cikin mako ɗaya. Ta kwana uku tana gudawa, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Sikeli ya nuna ta ragu, amma ruwan jikinta ne ya tafi, kitsen yana nan. Bayan mako biyu nauyin ya dawo, kuɗin bai dawo ba. Irin waɗannan kayayyaki sukan ƙunshi maganin sa zawo ko yawan fitsari. An kuma sha samun wani magani mai suna sibutiramin a ɓoye cikin wasu, alhali an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ubangiji ya koyar a cikin Luka sura 14 cewa mai shirin gini yakan zauna tukuna ya yi lissafi. To, bari mu yi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Don a ƙone kilo 5 cikin mako, sai jiki ya rasa kalori 5,500 kowace rana, wato fiye da ninki biyu na abin da yawancinmu ke ci a yini. Ko mutum ya daina cin abinci sam, ba zai kai ba. Amma rabin kilo a mako yana bukatar ragin kusan kalori 550 ne a rana. Wannan mai yiwuwa ne, shi ya sa likitoci ke cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne daidai.

Kada kuma mu raina wannan ɗan ragi. A 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga dattijo mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da ɗan ɗori. A rabin kilo kowane mako, aikin wata uku ne.

Saboda haka muna ba da shawara kowa ya sa burinsa na mako a kan abin da ke hannunsa. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin a watan Afrilu zafin ƙasar nan yakan wuce digiri 40. A rage suga a shayi, a kunu da kuma fura. Kwalbar lemo ɗaya takan ƙunshi suga kusan ƙaramin cokali tara. Mai cin malmalar tuwo uku ya koma biyu, ya cike gurbin da zogale, rama ko alayyahu. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin cin abinci. Wanda ba shi da sikeli ya auna tsayinsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita ta saitin cibiya. Idan ba ta haɗu ba, akwai sauran aiki. Wani makon nauyi ba zai motsa ba, wannan ba faɗuwa ba ce.

Dattawa, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mun ji wasu suna shiga azumi domin su rame, har suna kafa hujja da Daniyel. Wanda ya karanta sura ta fari da kyau zai ga cewa bayan kwana goma na kayan lambu da ruwa, samarin nan sun fi masu cin abincin sarki kyan gani da cikar jiki. Ba rama suka nema ba, tsarki suka nema. Azumi na neman fuskar Allah ne, kada mu mai da shi maganin teɓa. Mai shan maganin suga kuma kada ya ɗauki dogon azumi sai ya tuntuɓi likitansa. Mu duba kuma teburinmu a ranakun godiya da taron zumunta: dole ne kullum a tarbi baƙi da kiret na lemo?

Wannan magana ba ta kowa ba ce. A cikinmu akwai gidajen da ci sau biyu a rana ma da kyar ne, kuma rashin abinci mai gina jiki ga yara babbar matsala ce a jiharmu. Mace mai ciki kada ta shiga rage nauyi. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ya je asibiti, domin tarin fuka, ciwon suga da cutar ƙanjamau duk sukan zo da haka. Mu kuma mu kame bakinmu. Kada mu yi wa mai ƙiba ba'a a ƙofar majami'a, kada kuma mu bi wanda ya ragu da raɗe-raɗi.

Manzo Bulus ya lissafta haƙuri da kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5. Manomin gero a Shagari ba ya shuka a Yuni ya nemi dami a Yuli. Wanda ya rage mudun shinkafa ɗaya a gidansa a wata, ya kai wa gwauruwar da ke kusa da shi.

Ubangiji ya ba mu lafiya da tsawon rai domin hidimarsa. Amin.