Dajin Da Aka Dasa Ba Ya Rainon Kansa

Cikin littattafan da na karanta bana, wanda ya fi zauna mini a rai labarin masu aikin daji ne a tsaunukan Japan. Shion Miura ce ta wallafa shi a 2009 da sunan Kamusari Naanaa Nichijo, aka yi fim ɗinsa a 2014, fassararsa ta Ingilishi kuma ta fito a 2021.

Labarin ba shi da wani ƙulli mai sarƙaƙiya. Yuki Hirano, ɗan shekara 18 daga birnin Yokohama, ya gama sakandare ba shi da abin yi, sai mahaifiyarsa da malaminsa suka sa shi a shirin koyon aikin gandun daji ba da shawararsa ba. Aka tura shi Kamusari, ƙirƙirarren ƙauye a jihar Mie, inda kalmar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce "naanaa", wato a bi sannu. Ya yi yunƙurin guduwa, bai samu sa'a ba.

Abin da ya sa nake daraja littafin shi ne marubuciyar ta ɗauki aikin kansa a matsayin labari. Mai karatu zai ga yadda ake ɗaga ƙananan itatuwan da ƙanƙara ta kwantar, a ɗaure su da igiya. Zai ga saran ciyayi cikin zafin damina ga kaska da matsattsaku, da sassabe rassa domin katako ya fito ba ƙulli, da sare wasu itatuwa don sauran su sami rana. Duk wannan wahala kuwa ana yin ta ne a kan itacen da wanda ya dasa shi ba zai ci kuɗinsa ba. Jikokinsa ne za su sare, kamar yadda shi ma yake saran abin da kakansa ya dasa.

Sai dai bayan barkwancin littafin akwai damuwa ta gaske. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Japan daji ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na dajin dasa shi aka yi, yawanci itatuwan sugi da hinoki, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka buɗe ƙofa ga katakon waje mai araha a 1964, sana'ar ta fara ja da baya, matasa suka tafi birni. Ma'aikatan daji da suka haura dubu 140 a 1980 sun koma ƙasa da dubu 50. Dajin da ba a rage masa cunkoso ba yakan yi duhu, ciyawar ƙasa ta mutu, ruwan sama ya kwashe ƙasa daga gangare. Shi ya sa gwamnati ta kafa shirin ɗaukar sababbin ma'aikata a 2003, irin wanda ya kai Yuki ƙauye.

Inda nake da ja da Miura shi ne ta sassauta wa ƙauyen. Tsufan mazauna da ƙarancin yara suna nan, amma raha ta lulluɓe su, har mutum ya ɗauka matashi ɗaya daga birni ya isa ya ceci sana'a. Duk da haka ta yi abin da marubutanmu ba su cika yi ba: a yawancin littattafanmu na hikaya jarumi yana da kamfani, amma da wuya a nuna mana aikin da yake yi a ciki. Ita kuwa ta cika shafuka da yadda ake karanta karkatar itace kafin a sa masa gatari, kuma ban ji gajiya ba.