Zauren Iyaye da Malamai: A Rera Kafin a Saya



A wannan wata, wata malama ce ta kawo mana magana. Aji uku take koyarwa a wata makarantar firamare. Ta ce iyayen yara sun tara 'yan kuɗi domin a saya wa ajinta littafin waƙoƙin Hausa, kuɗin kuwa ba za su isa a sayi iri biyu ba. Da ta je kantin littattafai aka zube mata iri huɗu, kowanne bangonsa sai ƙyalli yake yi. Ta ce, "To, Baba, yaya zan gane na kirki?"

Malama, tambayarki ba ƙarama ba ce. Littafin da kika saya bana, shi ƙannen yaran nan za su tarar baɗi. Kuɗin kuma gumin iyaye ne: wata gyaɗa ta sayar, wani kaza. Amsata a taƙaice ita ce, kada ki sayi littafin waƙa da ido. Ki saye shi da baki da kunne.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure sa'ad da nake sabon malami. Na ga wani littafi mai hotuna masu launi, na saya wa aji duka ban rera ko baiti ɗaya ba. Ashe waƙoƙin yaran Ingila ne aka juya zuwa Hausa. Ranar fari na yi, na yi, waƙa ta ƙi zama a bakina. Yara suka riƙa bina kamar masu amsa kiran suna. Da muka zo inda ake zancen dusar ƙanƙara, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, awaki suna cin wannan dusar?" Aji ya fashe da dariya. Gaskiyarsa, gama dusar da ya sani ke nan. Kafin ƙarshen zango littattafan sun koma kabad, can gara ta same su. Ga abin da na koya tun daga ranar.

1. Ki rera da bakinki

Waƙar Bahaushe ba ta karatun zuci ba ce. Rerawa ake yi, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne kari, watau yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke bin juna a kowane ɗango. Ki dubi "gida": gaɓar farko gajera ce, ta biyu doguwa. "Doki" kuwa duka biyun dogaye ne. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna wannan tsawo. "Fara" mai cin hatsi da "fara" ta farar riga rubutunsu ɗaya, amma a baki ba su zama ɗaya ba. Saboda haka ido ba zai taɓa gaya miki ko waƙa ta karye ba, sai harshe.

Ki tsaya nan cikin kantin, ki buɗe tsakiyar littafin, ki rera baiti uku a hankali kina buga yatsa a kan tebur. Kada ki ji kunyar mai kanti. Idan muryar da kika ɗauka a baiti na farko ta kai ki na uku ba tuntuɓe, marubucin ya san aikinsa. Idan kuwa sai kin ja wata kalma ko kin haɗiye wata kafin ɗango ya cika, ki ajiye. Abin da ya gagari babba ba zai yi wa yaro sauƙi ba.

Ki lura da amsa-amo kuma, watau sautin da ƙarshen ɗangogi ke ƙarewa da shi. Waɗansu marubuta, don dai ƙarshe ya yi daidai, sukan murɗe kalma ko su cusa wadda ba ta da aiki a wurin. Yaro zai haddace ta a murɗe, ya kuma rubuta ta haka nan.

2. Ki auna kalmomin da shekarun yaran

Ba kowace waƙa mai kyau ce ta yara ba. Alhaji Aƙilu Aliyu gwani ne ƙwarai, littafinsa Fasaha Aƙiliya kuwa taska ce ta Hausa, amma akwai baitocin da ko ɗaliban jami'a sai an yi musu bayani. Haka waƙar Malam Sa'adu Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya": zancen siyasar zamaninsa ne, sai wanda ya san tarihi zai ji daɗinta. Waɗannan na sakandare ne da gaba. Ba a ba jariri ƙashi don naman yana da daɗi.

Ga wata dabara. Ki karanta waƙa ɗaya, ki ƙidaya kalmomin da sai kin tsaya kin fassara wa aji uku. Idan ɗaya ce ko biyu a baiti, madalla, ta haka yaro ke ƙaruwa. Idan sun kai huɗu ko biyar, darasin zai ƙare a bayani, ba za a kai ga rerawa ba. Ki dubi tsawo kuma. Ƙananan yara sun fi son gajerun baitoci, masu amshi da ke dawowa, domin ko wanda bai iya karatu ba tukuna ya sami inda zai sa baki.

Manyan aji suna iya ɗaukar waƙa mai tsawo wadda ke koyar da darasi. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne da fari, ya kuma tsara Waƙar Nijeriya domin koyar da labarin ƙasa da tarihi. Dabara ce mai kyau, gama abin da aka rera ba ya saurin ɓacewa. Amma wannan shi ne haɗarinta kuma. An mai da babban birni daga Ikko zuwa Abuja a 1991, jihohi kuma sun kai 36 a 1996. Duk tsohon littafin da ke ƙidaya jihohi ko birane, ki duba shekarar da aka buga shi, ki gyara wa yara kafin su haddace.

3. Ki nemi duniyar yaron a ciki

Yaro ba ya zuwa makaranta hannu wofi. Ya ji waƙar reno tun yana goye, ya ji ta niƙa da ta daka a tsakar gida, yayyensa mata suna gaɗa da farin wata. Littafi nagari daga nan yake tashi. Abin da Ibrahim Yaro Yahaya ya gane ke nan sa'ad da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida, a farkon shekarun 1970: ya ɗauko abin da ke bakin yara ya sa a takarda. Yaron da ya ga abin da ya riga ya sani a rubuce yakan gane cewa karatu ba baƙo ba ne.

Ban ce kada a nuna wa yara baƙon abu ba. A yi musu waƙar teku, da ta jirgin sama, har da ta dusar ƙanƙarar ma. Amma a bi ta sananne a kai ga baƙo. Ki duba ko akwai damina da hunturu, da kasuwa, da akuya, da ƙanin da ya ƙi wanka. Ki duba hotunan ma, ko yaran da aka zana sun yi kama da na ajinki.

4. Ki karanta har bangon baya

Waƙa ɗaya mummuna a shafi na talatin ta isa ta jawo miki magana. Ki kula da waƙar da ke yi wa makaho ko gurgu ba'a, ko wadda ke zambo ga wata kabila, ko wadda ke mai da 'ya mace abin dariya. Abin da aka rera a aji da safe, da shi za a tsokani wani a fili da rana. Akwai kuma gargaɗi mai kyau wanda ba lokacinsa ba ne. Malam Mu'azu Haɗeja ya yi waƙoƙi masu ƙarfi a kan giya da karuwanci, amma manya yake yi wa faɗa, ba 'yan shekara takwas ba.

Ga wani abu da ya shafe mu. Rubutacciyar waƙar Hausa ta girma ne a hannun malaman Musulunci, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u. Shi ya sa da yawa sukan buɗe da salati su rufe da addu'a. Wannan al'adar fannin ce, ba laifi ba ne, manyan ɗalibai kuma ya kamata su san ta. Amma a ajin ƙanana, inda 'ya'yan Kirista da na Musulmi ke zaune a benci ɗaya, kada a sa wa yaro a baki shaidar da ba ta gidansu ba. Haka nan mu ma, kada mu ɗauko Littafin Waƙoƙi na sujada mu mai da shi darasin Hausa ga 'ya'yan maƙwabta. Abin da ba ka so a yi wa ɗanka, kada ka yi wa na wani.

Kada kuma ki zaɓi littafin da kowace waƙa a cikinsa faɗa ce. Yaro yana shan "bari" da "kada" tun safe. A bar masa waƙar da za ta ba shi dariya kawai.

5. Ki duba aikin bugu

Littafin da bai sa ƙugiya a ƙ, ɗ da ɓ ba, ki mayar wa mai shi. Yaron da ke koyon karatu ba zai raba "kafa" da "ƙafa" ba, ko "bari" da "ɓari". Haruffa su zama manya, kowane ɗango a layinsa. Ki buɗe littafin sosai ki ga ko ɗinki ne ko manni, gama hannuwa da yawa za su taɓa shi.

Gwaji na ƙarshe

Wanda ya tsallake waɗannan biyar, ki sayi guda ɗaya tak. Ranar Litinin ki koya wa aji waƙa ɗaya daga ciki, sa'an nan ki yi shiru da zancenta. Ranar Alhamis, lokacin tara, ki tsaya bakin taga ki kasa kunne. Idan kin ji ta a fili, ba wanda ya sa su, ki koma kanti ki sayo sauran. Ku iyaye kuma, in kun ji ta a hanyar rijiya, ku gaya wa malama.

Idan kuwa duka huɗun sun faɗi, kada ki sayi ko ɗaya don kunya. Ki gaya wa iyaye gaskiya, a adana kuɗin har a sami na kirki. Kafin nan ki aiki kowane yaro wurin kakarsa ya karɓo waƙar wasa ɗaya, ku tace, ku rubuta a allo, su kwafa. Ba za ku rasa abin rerawa ba har ƙarshen shekara.

Malaman da suka gwada, ku rubuto mana abin da kuka ji ta taga. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.