SHARHI: An koma fili, an janye yajin aiki, amma wa zai biya Mairi watannin da ta yi asara?

A cikin mako guda labarai biyu suka zo wa mutanen Maiduguri. Ranar 23 ga Disamba 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta janye yajin aikin da ta shiga tun watan Maris, sannan ranar 27 ga wata aka buɗe sabuwar kakar gasar Firimiya ta Najeriya, bayan wata tara ba a taka leda ba. Duka biyun abin a yi hamdala ne. To amma 'yan uwa mazauna Kudu, kafin mu ce komai ya wuce, ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin da korona ta tona mana.

Duk wanda ya san Mairi ya san unguwa ce da ke jingine da Jami'ar Maiduguri, can ta hanyar Bama, a ƙaramar hukumar Jere. Abincin da yawa daga mutanenta yana hannun ɗalibai. Mai gidan haya, mai shagon kwafin takardu, mai cajin waya, mai shayi da indomi, mai wanki da guga, matar da ke tuya ƙosai da safe, direban keke Napep da ke jigila zuwa Kasuwar Monday, kowa ɗalibi yake jira. Tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri saboda tsaro, don haka keken nan shi ne sana'ar matasa masu yawa. Da aka rufe makarantu a watan Maris, ga yajin aiki a kai, sai kasuwar unguwar ta watse gaba ɗaya. A watan Afrilu aka samu mutum na farko da cutar ta kama a Borno, Gwamna Babagana Zulum ya sa dokar zaman gida ta kwana 14 daga ranar 22 ga wata, kwana biyu kafin a ɗauki azumi. Dokar kulle ta makonni ce, amma kullen da rashin ɗalibai ya yi wa Mairi ya cinye kusan shekarar.

Ku ma ba baƙon labari ba ne a wurinku. Ranar 1 ga Fabrairu gwamnatin Legas ta hana acaba da keke a manyan sassan birnin, ranar 30 ga Maris kuma kullen Legas da Abuja ya fara aiki. Ɗan acaba a Agege, mai dako a Mile 12, mai gyaran takalmi a Sabon Ibadan, duk suka tsaya cak, ga hanyar komawa gida an rufe har zuwa 1 ga Yuli. Ma'ana, a daidai lokacin da iyali a Borno suka fi bukatar aike daga Kudu, shi mai aiken ma neman na buɗa-baki yake yi. Igiya ta tsinke ta kai biyu.

Yanzu ku duba yadda wasu suka yi da nasu ma'aikatan. A Amurka da Kanada akwai gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki, mai suna NHL. Su ma sun dakatar da wasa ranar 12 ga Maris. Amma ranar 1 ga Agusta suka dawo, suka killace ƙungiyoyi 24 a biranen Toronto da Edmonton, ba 'yan kallo, ba fita gari, kullum sai an yi wa kowa gwaji. An yi gwaji sama da 33,000 ba a samu mutum ko ɗaya da cutar ba, har Tampa Bay Lightning ta ɗauki kofi ranar 28 ga Satumba. 'Yan wasan sun sha wahalar rabuwa da matansu da 'ya'yansu, wasu kusan wata biyu a otal. An kuma taɓa albashinsu. Sai dai ba dare ɗaya aka yanke musu ba: ƙungiyarsu ta ƙwadago ce ta zauna da masu kulob-kulob a watan Yuli, aka rubuta nawa za a riƙe, nawa za a jinkirta, yaushe za a biya. A 2020 mafi ƙarancin albashi a gasar dala 700,000 ne a shekara.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, kuɗinsu ba namu ba ne. Amma abin lura ba yawan kuɗin ba ne. Abu uku suka riƙe su: takardar yarjejeniya, ƙungiya mai magana da yawunsu, da ajiya. Waɗannan ba sai kana da dala ake yin su ba.

Mu kuma fa? Mu ma muna da ƙwallon gora ta fili, akwai ƙungiyoyi irin su Kada Stars da Kada Queens na Kaduna da Niger Flickers na Neja. Babban dandalin 'yan wasa irin waɗannan shi ne bikin wasanni na ƙasa, wanda aka shirya yi a Edo a watan Maris. An ɗage shi, an sake ɗagewa, har ƙarshen 2020 ba a yi ba. Ɗan wasan da ke jiran alawus ɗin sansani da kyautar lambar yabo ya biya haya, shekararsa ta tafi a banza.

A ƙwallon ƙafa, an tsayar da gasar Firimiya a watan Maris bayan wasannin mako na 25, Plateau United tana saman tebur. Daga baya aka rufe kakar, aka ce babu mai faɗuwa, babu mai hawa. Wannan hukunci ya ceci wasu, amma ya danne El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda ta faɗo ƙaramin rukuni a 2019 tana fafutukar komawa. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992, wadda rikicin Boko Haram ya taɓa tilasta mata karɓar baƙi a Kano da Katsina, ga shi annoba ta ƙara mata shekara a ƙasa. Shekara ɗaya a rayuwar ɗan ƙwallo ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙafa ba ta jiran kowa. Kuma kusan duk ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. In kuɗin mai ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a 2020, ɗan wasa ba ya cikin waɗanda ake fara tunawa da su. Ranar da babu wasa, mai sayar da ruwan leda da rake da gyaɗa a bakin fili shi ma babu ciniki.

Nauyin duk wannan cikin gida ya sauka. An ce a zauna a gida, a ba da tazara, alhali gidan ɗaki ɗaya ne ko biyu, ga yara ba makaranta, ga 'yan uwa 'yan gudun hijira da aka riƙe. Gidaje da yawa 'yar sana'ar uwargida ce ta riƙe su: kitso, ɗinkin hula, turaren wuta, awara. Maigida kuwa zaman ya gagare shi, domin wanda ke hannu baka hannu ƙwarya, yunwa ta fi korona kusa da shi. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa kisan gilla ranar 28 ga Nuwamba, a wannan ƙaramar hukuma ta Jere, neman abinci ne ya fitar da su. Kayan tallafin korona kuma mun ga inda suka maƙale, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos da wasu garuruwa a watan Oktoba.

A ƙarshen 2020 hukumomin lafiya sun ce cutar ta sake dawowa zagaye na biyu, tattalin arziki ya shiga karaya, farashin abinci kuma ya yi ta hawa. Idan aka sake kulle, me muka tanada?

Gwamnatin Borno da masu tafiyar da gasa su tabbatar kowane ɗan wasa yana da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi abin da za a biya shi in an tsayar da wasa. Mu kuma mazauna Kudu, kuɗin tikiti da ƙungiyoyin acaba da na kasuwa ke karɓa kullum, ya kamata wani kaso ya shiga asusun ko-ta-kwana mai rajista da sunan kowa, sarakunan Hausawa su sa ido, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Adashe mun iya shi tun kaka da kakanni, abin da ya rage a ware wanda ba za a taɓa ba sai ranar da hanya ta rufe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya zaunar da Borno lafiya, Ya ba kowa abin kai wa iyali.