A ƙyale daktocinmu su tafi binciken waje, zama ba tare da ɗakin gwaji ba ne asarar

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, jihar Gadarif ta cika da baƙi, har nan Mafaza. Cikinsu akwai masu digirin dakta a fiziks da kemistiri, 'ya'yan Hausawa ma a ciki, waɗanda yau suke darasin yamma ga 'yan sakandare don samun na cefane. In ɗaya ya ce zai nemi gurbin bincike na bayan dakta a waje, sai ka ji ana cewa ya gudu ya bar ƙasa cikin wahala. Ni ban yarda da wannan magana ba.

Masanin sinadarai ba kamar ni malamin aji ba ne, da alli da allo sun ishe ni. Shi sai da na'ura da wutar da ba ta yankewa. Ya yi shekara biyu uku bai taɓa kayan gwaji ba, hannu ya mutu, abokan karatunsa sun wuce shi. Kuma lokaci na ƙurewa. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus, mai ɗaukar wata 6 zuwa 24, yana ba da kujerar sabbin daktoci ne ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammalawa ba. Wanda ya gama a 2022 ya ƙirga da kansa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai TWAS a birnin Trieste na Italiya, mai tura masana daga ƙasashe masu tasowa zuwa ɗakunan bincike a Indiya da Brazil. Akwai CARA a Ingila, wadda tun 1933 aikinta ke nan, ceton malaman jami'a da yaƙi ko zalunci ya kora.

Masu cewa wanda ya tafi ba ya dawowa suna da tasu gaskiyar, wasu kam sun tafi ke nan. Amma Dakta Nashwa Eassa ta yi karatu a Suwidin da Afirka ta Kudu, ta dawo Jami'ar Nilain. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta gidauniyar Elsevier tare da Dakta Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, Kano. Duka biyun fiziks suka karanta, abin da wasu iyayen garin nan ke cewa ba na 'ya mace ba ne.

Roƙona ga mai tafiya ɗaya ne: ya ɗauki matsalarmu ya tafi da ita. Ga baƙar lakar Gadarif, da damina ta kumbura, da rani ta dare, bangon aji da na masallaci su tsage. Wane haɗin bulo ko harsashin gini ne zai jure mata a kan kuɗin da talaka zai iya? Ga ƙaro, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, amma yawanci ɗanye muke sayarwa, a can a tace shi a zuba cikin lemon kwalba da magunguna. Wannan duk aikin masu kimiyyar kayan ƙira ne.

Wanda kuma yake da ɗan'uwa dakta zaune a gida, ya taimaka masa da kuɗin fasfo da na intanet ya cike takardun nema tun wa'adin bai wuce ba.