Takardar tarihin aiki: da wane harshe, kuma me za a rubuta?

A shekarar 2025, dokar sabunta ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Masu koyon karatu suna tambaya ko yanzu za a karɓi takardar neman aiki da Hausa. Gaskiyar magana, yawancin ma'aikatu da ƙungiyoyi da Faransanci suke son takardar tarihin aiki, wadda ake kira CV.

Wannan ba abin karaya ba ne. Ku fara rubuta taku da Hausa, da hannunku, kafin ku kai wa mai fassara, domin ba wanda ya san aikinku kamar ku. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya ce tun da ba shi da difloma, ba shi da abin rubutawa. Maginin da ya shekara 6 yana aiki a Maraɗi, ko matar da ta riƙe asusun ƙungiya a Damagaram, kowannensu yana da tarihi. A faɗi aikin, da wurin, da shekarun. Takardar shaidar yaƙi da jahilci ma ta shiga.

Shafi ɗaya ya isa. Kada ku ƙara abin da ba ku iya ba, ranar ganawa za a gwada ku. Lambar waya kuwa ta zama taku, ba ta maƙwabci ba.