Ɗalibai su fito kasuwa, masu gyaran keke na jira

Jama'a, a ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. Malamin jami'a yakan tura ɗalibansa wurin ƙungiyar keke ta unguwa, su yi aikin aji can, a ba su maki bisa abin da suka amfana wa mutane. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe. Bikes Not Bombs ta birnin Boston tun 1984 take tattara tsofaffin kekuna, tana koya wa matasa gyara, tana kuma aika wasu ƙasashen waje har da Gana. A Gana ɗin, Village Bicycle Project da aka kafa a 1999 tana koya wa mutanen ƙauye gyara na yini guda, sannan ta sayar musu da keke da rahusa.

Mu muna ganin jami'o'inmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa za su iya yin haka. Kowa ya san yadda kuɗin kabu-kabu ke cinye ribar mai tumatir da mai ƙosai kafin a buɗe ciniki. Keke ba ya shan mai. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba ƴan mata kuɗin sayen keke a 2006, kuma bincike ya nuna shigarsu sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin 100.

To amma muna da sharuɗɗa uku. Na farko, ɗalibi ya fara zama gindin bishiyar mai faci, ya tambaye shi abin da ya fi lalacewa cikin rairayinmu: sarƙa ce, birki ne ko taya. Wanda ya shekara 20 yana wannan sana'a malami ne, ko da bai taɓa shiga lakwal ba.

Na biyu, kada a zo da rabon keke kyauta. Kyauta tana karya kasuwar mai sayarwa, kuma ranar da ƙarfe ɗaya ya karye, in babu kayan gyara a shago, sai keken ya koma shanyar tufafi. A sayar da sauƙi, ko a biya ta hanyar adashi, yadda mata suka saba.

Na uku, a bar mana sakamakon aikin da Hausa. In ɗalibai sun ƙera mazaunin kaya mai ɗaukar buhun gero, su bar awonsa wurin masu walda. In sun lissafa abin da mace za ta rage a wata, su zo su faɗa wa ƙungiyar mata baki da baki.

Shugabannin ƴan kasuwa, kada mu jira sai an zo. Mu rubuta wa shugabannin jami'a, mu ce ga rumfa, ga aiki, a turo mana yaran. Ai da kuɗin harajinmu suke karatu.