Takardar Kora Ba Likkafani Ba Ce

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a Suleja ya san yadda ma'aikata ke sammako su cika motoci, su ratsa Madalla da Zuba, su nufi ofisoshin Abuja. A cikin ayarin nan ba a rasa mutumin da aka riga aka miƙa wa takardar kora, amma yana nan yana goge takalmi yana fita kullum, don kada uwargida da maƙwabta su sani. Haka abin yake ga waɗansu 'yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, masu cin bashi su aika gida, wai don a rufa asiri. Mu a ganinmu, wannan kunya ta fi korar kanta ɓarna, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kora ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta raba ma'aikata fiye da 10,000 da kujerunsu, har da alƙalai da 'yan sanda, waɗansu da laifi, waɗansu kuwa ba a ko saurare su ba. Tun daga ranar aka gane cewa aikin albashi rigar aro ce.

To, wanda abin ya faɗa wa sai ya yi abu uku. Da fari ya karanta takardarsa da kyau, domin sallama daban, kora daban, kuma ba daidai ba ne a hukunta mutum ba tare da an ba shi takardar tuhuma ya kare kansa ba. In an tauye shi, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, har marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabance ta, sa'an nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Na biyu, ya bi sawun haƙƙinsa. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ɗebi kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Wannan jari ne, ba kuɗin ƙara aure ba. Na uku, ya gaya wa iyalinsa da Sarkin Hausawan unguwarsu gaskiya, in ma laifin nasa ne ya amsa, domin wanda ya amsa kuskurensa shi ake sake ba amana.

Tarihin Suleja kansa ya isa wa'azi. Sarakunan Zazzau da aka fitar daga Zariya zamanin jihadi ba su zauna kuka ba, suka gangaro kudu, har Abu Ja ya kafa garin a 1828. Bayan an tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, garin ya bar wa ƙasa sunan Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, ga shi kuwa kasuwarsa tana ci har gobe. Wanda ya rasa kujera bai rasa hannuwansa ba.

Saura mu sauran jama'a. Kada mu mai da korarren ma'aikaci abin nuni da baki a bakin masallaci. Mai shago ya ba shi wuri, mai sana'a ya koya masa, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Allah ya rufa mana asiri, amin.